Kafin a tura ɗan Najeriya sama, a bar yaran Jos su leƙa wata

Wani dare a cikin watan Nuwamba, bayan an idar da sallar isha, wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin firamare, ya fito da wani farin bututu mai ƙafafu uku ya kafa a ƙofar gidansa. Ɗansa ne ya aiko masa da shi daga waje, ya kuma daɗe a cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado. A daren an ɗauke wuta, damina ta tattara ta tafi, hazon hunturu bai riga ya sauko ba, sama ta yi tas kamar an wanke ta. Bakwai ga wata ne, wata ya yi rabi, yana rataye ta wajen yamma. Dattijon ya yi ta juye-juye da murɗe-murɗe har ya saita, sannan ya ɗago ya ce da ni, "Malam, zo ka sa idonka a nan."

Na sunkuya na sa ido. Watan da na sani tun ina yaro, farin faifai mai santsi, sai ga shi ya zama ƙasa mai tudu da kwari. Ramuka manya da ƙanana, wasu a cikin wasu, kowanne da bakinsa zagaye kamar bakin rijiya. A daidai layin da ya raba haske da duhu, duwatsu sun miƙe da dogayen inuwoyinsu, irin yadda duwatsun Shere ke yi idan la'asar ta yi sanyi. Akwai wani tsauni da kansa kaɗai rana ta haska, gindinsa yana cikin duhu, sai ya zama kamar ɗigon fitila a gefe. Ban san na daɗe a sunkuye ba sai da yara suka fara jan rigata.

Kafin ƙarfe tara layi ya kai bakin kwata. Mai shayin tsallaken hanya ya bar tukunyarsa a kan wuta ya zo. Wata tsohuwa da muke kira Inna ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa, ba ta ce komai ba sai "Ikon Allah," har sau uku. Wata yarinya 'yar aji huɗu kuwa tana sa ido ta yi ihu, "Baba, yana gudu! Watan yana gudu!" Gaskiyarta, domin yana zamewa a hankali yana fita daga madubin, sai an sake saitawa. Dattijon ya ce mata, "Ba shi ke gudu ba, 'yata, mu ne muke juyawa." Ta tsaya ta dubi ƙasan da take tsaye a kai. An sha gaya mata a aji cewa duniya tana juyawa, ta haddace ta rubuta a jarrabawa, amma a daren nan ne ta gani.

A Jos aka haife ni, a nan na yi karatu har na gama jami'a, na haura shekara arba'in, kuma wannan ne karo na farko da na sa ido a madubin hangen nesa. Abin da ya hana ni barci ke nan a daren. Ra'ayina shi ne garin nan yana bukatar wurin da kowa zai je ya kalli sama ta madubi, kyauta, a rana sananniya kowane mako, tare da ɗan shiri a rediyo da Hausa da zai riƙa faɗa wa mutane abin da za su gani a makon. Ina kuma ganin wannan ya fi cancantar a fara da shi a kan yawancin abin da ake sanarwa da sunan harkar sararin samaniya a ƙasar nan.

Mu ba baƙi ba ne a wannan harka, ko da yake ba a koya mana haka ba. Rasha ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, a ranar 4 ga Oktoba 1957, Yuri Gagarin kuma ya kewaya duniya a ranar 12 ga Afrilu 1961 cikin minti 108. Wannan kowa ya ji. Abin da ba kasafai ake ji ba shi ne, lokacin da Amurka ta tashi tura nata mutanen, sai da ta kafa tashoshin bibiyar kumbo a sassan duniya, ɗaya daga ciki kuwa a Kano take. A ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn yake kewaya duniya, ya yi magana da tashar Kano, ya shaida musu yana hango guguwar ƙura a ƙasa, su kuma suka ba shi amsa cewa an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Hunturunmu ne ya hango daga sama. Shekara guda da rabi bayan haka, a ranar 23 ga Agusta 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy ta hanyar tauraron Syncom 2, kuma wannan ne karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka zanta ta tauraron ɗan'adam. Mutumin Bauchi, maƙwabciyarmu, wanda kabarinsa bai fi tafiyar sa'a biyu daga nan ba. Na tambayi ɗalibai da dama ko sun taɓa jin labarin, ban samu ko ɗaya ba.

A 1999 aka kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, mai hedikwata a Abuja. A watan Satumbar 2003 aka harba tauraron ɗan'adam na ƙasar nan, NigeriaSat-1, daga Rasha. A 2007 aka harba NigComSat-1 daga Sin, ya lalace a 2008 saboda matsalar faifan da ke tara masa hasken rana, aka maye gurbinsa a Disambar 2011. A cikin wannan shekarar ta 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun kuwa injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi a Ingila bayan an horar da su. A nan Jos ɗin ma akwai cibiyar ƙasa da ke nazarin hotunan da taurarin ɗan'adam ke ɗaukowa. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, aiki ne na gaske, kuma ana amfani da hotunan wajen duba ambaliya da gonaki da kwararowar hamada. A 2022 Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta binciken wata, a 2024 kuma aka sanar da shirin tura ɗan Najeriya sama a kumbon kamfanin Blue Origin, tafiyar da duka-duka ba ta wuce kimanin minti goma sha ɗaya. Ina yi wa duk wanda zai je fatan alheri. Amma idan ya sauko, mutum ɗaya ne ya gani. Madubi guda a tsakiyar gari kuwa, dare ɗaya a mako, a shekara zai wuce ta idon dubban yara, kuma daga cikinsu ne za a sami wanda zai haɗa tauraron gobe. Injiniya ba ya faɗowa daga sama, akwai ranar da wani abu ya fara kama zuciyarsa yana ƙarami.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne iyayenmu sun fi mu sanin sama. Kakana manomi ne, bai yi boko ba, amma yana fita tsakar gida ya ɗaga kai ya gaya maka dare ya raba ko bai raba ba. Shi ya nuna mini Kaza da 'Ya'yanta, tarin nan na ƙananan taurari da malamai ke kira Surayya. Shi ya nuna mini Zara matar wata da magariba, da Gamzaki da asuba. Sai da na girma na san cewa su biyun abu ɗaya ne, duniyar Zuhura ce, wani lokaci ta biyo bayan rana da yamma, wani lokaci ta riga ta fitowa da asuba. Malaman zaure suna da lissafin taurari 28, kowanne da kwana 13, ɗaya ya ɗauki 14 shekara ta cika, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Da shi manomi ke sanin ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko na yaudara. Wannan ilimi ne da aka gina a kan lura, dare bayan dare, shekara bayan shekara. Yau ka tara matasa goma a majalisa ka ce su nuna maka Kaza, da wuya biyu su iya. Kai yana sunkuye a kan waya, tsofaffin da suka sani kuwa suna ta ƙarewa.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da maganar taurari, suna ganin hanya ce ta zuwa duba da bokanci. Damuwarsu tana da tushe, domin akwai masu cin kuɗin mutane da sunan tauraronka ya yi kaza. Amma malamanmu tun da can sun raba tsakanin mai da'awar sanin gaibu da mai lissafin tafiyar rana da wata, wanda da iliminsa ake sanin alƙibla da lokutan salla. Kowace shekara ƙasar nan kan zuba kunne ta ji sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi kan ganin jinjirin watan azumi. Alƙur'ani ya ambaci tauraron Shi'ira da sunansa a Suratun Najmi, shi ne kuwa tauraron da ya fi kowanne haske da dare, yana nan a samanmu duk lokacin sanyi, amma masu karanta ayar nawa ne aka taɓa nuna musu shi? A ganina mai duba yana cin kasuwarsa ne a inda mutane ba su san abin da ke samansu ba. Wanda ya ga Zuhal da idonsa, ƙwallo mai zobe da ke nesa da mu fiye da kilomita biliyan ɗaya, da wuya wani ya tsorata shi da cewa Zuhal ya shiga gidan aurensa.

Rashin sanin yana da tsada. A watan Janairun 2001, da aka yi husufin wata, matasa a Maiduguri sun ƙone otal-otal da mashaya bisa zaton zunubin gari ne ya jawo. Alhali hadisi ne sananne cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi kuma ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Husufi abu ne da ake lissafa ranarsa da mintinsa shekaru kafin ya zo. Na tuna na ranar 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe rana ruf a yankin Gusau da Katsina, mu kuma a Jos haske ya dusashe da hantsi. Na ga mutane suna kallon rana da ido tsirara, wasu ta baƙin gilashin ado, abin da ke iya ƙona ido har abada. A 'yan shekarun nan kuma, duk sanda jerin taurarin ɗan'adam na Starlink, masu ba da intanet, suka ratsa sama a layi ɗaya bayan magariba, sai saƙonni su cika WhatsApp, wannan ya ce alamar tashin duniya ce, wancan ya ce jiragen leƙen asiri ne. Da akwai muryar da mutane suka saba ji duk mako tana gaya musu abin da zai bayyana, da ba a bar fili ga masu ƙirƙira ba.

Allah ya ba Jos abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Muna zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800. Muna kusa da tsakiyar duniya, digiri goma kacal ta arewa, saboda haka muna ganin kusan dukkan sama, ta arewa da ta kudu. Mutumin Landan ba zai taɓa ganin taurari huɗun nan na kudu masu siffar gicciye daga gidansa ba, mutumin Afirka ta Kudu kuma ba ya ganin tauraron arewa da ba ya motsi. Mu daga Lamingo muna ganin duka biyun: na arewa yana ƙasa-ƙasa duk shekara, na kudu kuma da daddare a watannin Afrilu da Mayu idan hadari ya ba da dama, a gefensu ga tauraron Alfa Sentauri, wanda haskensa ke yin shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso mu. Gaskiya ne muna da cikas, Yuli da Agusta gajimare ne, Janairu kuma hazo kan yi kauri. Amma wata da manyan duniyoyi suna ratsa hazo mai sauƙi, kuma daren da ya biyo bayan ruwan sama, ko na Oktoba da Nuwamba, babu kamarsa.

Dalilin da ya sa na nace a kan mako-mako shi ne sama ba ta zama wuri ɗaya. Kowane tauraro yana riga fitowarsa ta jiya da kimanin minti huɗu, a mako kusan rabin sa'a, a wata sa'a biyu. Wata kansa yana da ranakun kallo, kuma kalandar da ke rataye a kowane masallaci ta isa jagora. Daga biyar zuwa tara ga wata ne ramukansa ke fitowa da kyau, saboda hasken rana yana zuwa musu ta gefe. Daren sha huɗu farin wata sha kallo ne ga ido, amma a madubi sai ya zama fari fat ba inuwa. Ƙarshen wata, da duhu ya samu, lokacin ƙananan taurari ne. Mushtari, babba a cikin duniyoyin da ke kewaya rana, yana da manyan watanni huɗu da Galileo ya fara gani a 1610, kuma ko a ƙaramin madubi suna fitowa kamar ƙwayoyin gero a jere. Yau ka ga uku a dama ɗaya a hagu, gobe sun sauya wuri. Yaron da ya zana su a littafinsa mako huɗu a jere ya yi kimiyya da hannunsa. A tsakiyar Disamba, wajen 13 da 14 ga wata, taurari masu faɗuwa kan yawaita, wannan ko madubi ba ya bukata, tabarma ce da bargo. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda mutane ke zaune a cikinta ba yankewa tun Nuwambar 2000, tana kewaya duniya duk minti 90 a nisan kimanin kilomita 400, kuma idan ta biyo ta kanmu bayan magariba ana ganinta ƙarara, haske mai tafiya ba ya ƙyaftawa. Ana sanin mintin da za ta wuce tun kwanaki kafin nan. Minti biyar a rediyo ranar Alhamis ya isa a faɗi duk wannan. Bikin rana ɗaya a shekara, da manyan baƙi da jawabai da ɗaukar hoto, ba zai yi wannan aikin ba.

Wani abokina da na kawo masa maganar ya ce, "Haba Malam, mutane suna neman na masara kana maganar taurari?" Ban ga laifinsa ba, ni ma ina zuwa kasuwa. Amsata ita ce ba kuɗin asibiti na ce a ɗebo ba. Madubin da zai nuna zoben Zuhal da watannin Mushtari bai kai kuɗin Keke Napep guda ba, ba ya shan mai, ba ya bukatar wuta, idan an kula da shi zai yi shekara ashirin. Kuma ɗan talaka ne ya fi bukatarsa, domin ɗan mai hali za a kai shi waje ya gani. Akwai ma waɗanda aka riga aka saya. Na taɓa zuwa wata makaranta da na ji suna da madubi, aka kai ni ɗakin ajiya, na same shi a kwalinsa ƙura ta rufe, ko ledar ba a yage ba. Da na nemi a fito da shi dare ɗaya, sai aka ce mai riƙe da makulli yana tsoron kada ya lalace a tambaye shi. Na yi zarya sau uku na haƙura. Ɗalibai sun shiga makarantar sun fita, ba wanda ya san akwai shi.

Maganar tsaro ita ce ta fi nauyi, kuma duk ɗan Jos ya san dalili. Mun ga dokar hana fita, mun ga yadda unguwanni suka rabu tun daga rikicin 2001, har akwai yaran da suka girma ba su taɓa taka wani ɓangaren garinsu ba. Ba zan ce a tara yara a bayan gari da tsakar dare ba. Abin da nake nufi daga bayan magariba ne zuwa ƙarfe tara, a fili mai katanga da mai gadi, kamar harabar gidan tarihi da ke nan tun 1952, ko filin jami'a, ko makarantun sakandare bi da bi, wannan makon a Gangare, na gaba a Tudun Wada, na gaba a Bukuru. Wata da duniyoyi suna da hasken da fitilun gari ba sa hana ganinsu. Ina kuma ganin alheri a ce akwai layi ɗaya a garin nan da ɗan Unguwar Rogo da ɗan Jenta za su tsaya a ciki suna jiran abu ɗaya, kowanne yana tambayar na gabansa me ya gani.

Wasu sun yi, kuma ba da dukiya mai yawa suka fara ba. A birnin Los Anjelis akwai gidan kallon taurari na Griffith da aka buɗe a 1935, wanda ya ba da kuɗin gina shi ya yi sharaɗin kada a karɓi kuɗin shiga, har yau mutane na bin layi da dare su leƙa kyauta. A San Faransisko wani mutum mai suna John Dobson ya riƙa haɗa madubai da katako da bututun kwali, ya kafa a bakin titi yana kiran masu wucewa su zo su ga wata, har irin ƙirarsa ta ɗauki sunansa. Kafintocinmu na Katako za su iya yin gindin irin wannan a yini ɗaya, gilashin kawai za a sayo. Abin da ya rage shi ne mutum biyu ko uku da za a horar, a ba su ɗan alawus, a kuma rubuta a takarda cewa idan wani abu ya fashe a bakin aiki ba za a cire a albashinsu ba. Hukumar sararin samaniya tana da ma'aikata a garin nan, jami'a tana da sashen kimiyyar lissafi da na fiziks, gidajen rediyo suna da fili. A haɗa su wuri ɗaya, a sa rana.

Dattijon unguwarmu bai jira kowa ba. Duk bakwai ga wata, in sama ta buɗe, yana fitowa da bututunsa, da hular sanyi da rigunan sanyi biyu. Yarinyar nan da ta ce wata yana gudu yanzu ita ke saita masa, domin idonsa ya fara rauni, ta kuma cika rabin littafi da zanen Mushtari da 'ya'yansa. A watan jiya yara sun zo har daga unguwanni biyu da ke gaba da mu, layi ya zagaya bayan masallaci, ga madubi ɗaya, kowane yaro ƙidaya ashirin ake yi masa a ce ya ba na baya. Da tara ta yi sanyi ya sauko, dattijon ya ce ƙafafunsa sun gaji, ya rufe bakin madubin. Na ƙirga waɗanda layi bai kai kansu ba, su goma sha bakwai ne, ƙaramin cikinsu yana tambayar yayansa ko gobe ma za a fito da shi.